Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa da Sarakunan Aska: A Gyara Sha'anin Kaciyar Yara Maza Kafin Ɗari Ya Shigo

Assalamu alaikum. Masu girma kwamishinoni, da iyayenmu Sarakunan Aska, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Masu wannan takarda ma'aikatan lafiya ne, likitocin tiyatar yara da na mafitsara da ma'aikatan jinya, waɗanda gyaran kaciyar da ta ɓaci ke cikin aikinsu na yau da kullum. Mun rubuto tun damina ba ta gama ɗaukewa ba saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Nan da 'yan makonni hunturu zai kaɗo, makarantu su ba da hutun Disamba, a fara tara yara a zaure da asubar fari, wanzami ya kwance zabira, malamin kemis ma ya shimfiɗa ledarsa a bayan kanta. Babu tiyatar da ake yi a ƙasar Hausa da ta kai kaciya yawa, tunda kusan kowane namiji sai ya bi ta kanta. Amma shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi yara nawa aka yi wa bara, wa ya yi musu, nawa ne jini ya ɓalle musu, nawa ne suka rasu. Da wuya ka sami mai amsa maka. Wannan giɓin muke roƙon ku cike, ku biyun tare, domin ɗayanku ba zai iya shi kaɗai ba.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu zo jayayya da kaciyar maza ba, kuma maganarmu ba ta haɗa da kaciyar mata, wadda ba ta da wani amfani ga lafiya, dokar tarayya ta 2015 ma ta haramta ta. Kaciyar namiji tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma ya inganta cewa Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi tasa yana da shekara 80. A wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya wajibi ce, a wurinmu Malikiyya sunna ce mai ƙarfi. Malaman mazhabarmu sun so a yi ta lokacin da ake fara umurtar yaro da salla, tsakanin shekara 7 zuwa 10, sun kuma karhanta yin ta ranar haihuwa ko ranar suna. Al'adarmu ta barin yaro sai ya yi wayo ta dace da wannan. Yahudawa kuwa a kwana na 8 suke yi, kamar yadda Attaura ta umurce su. Kiristanci bai wajabta ta ba tun zamanin manzanni, duk da haka Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suna yi, haka ma 'yan'uwanmu Kiristocin Najeriya, galibi tun yaro yana jariri. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, kusan kashi 30 cikin 100 na mazan duniya suna da kaciya, kuma wajen kashi biyu bisa uku nasu Musulmi ne. A 2007 ɗin ne kuma hukumar ta sa kaciya cikin hanyoyin rage yaɗuwar ƙanjamau, bayan gwaje-gwaje uku a Orange Farm ta Afirka ta Kudu da Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda sun nuna tana rage kamuwar namiji daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. Ragewa ce, ba kariya ce cikakkiya ba, a riƙa faɗa wa matasa haka.

Abin lura a ƙasashen da suka zauna suka yi wa lamarin doka shi ne, ibadar suka bari yadda take, hannun da ke riƙe da wuƙar suka sa wa ido. A 2012 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta yanke cewa kaciyar yaro ba tare da larurar lafiya ba raunata shi ne, bayan jini ya ɓalle wa wani yaro Musulmi ɗan shekara 4. Musulmi da Yahudawa suka tashi tsaye, kafin ƙarshen shekarar majalisa ta yi dokar da ta halatta ta, da sharaɗin a yi ta bisa ƙa'idar likitanci. Wanda ba likita ba, in addininsa ya wakilta shi kuma ya samu horo, an yarje masa ya yi wa jariri a cikin wata 6 na farko. Suwidin tun 2001 ta wajabta maganin kashe zafi da lasisi ga mai yi. Afirka ta Kudu ce darasinta ya fi ɗaci. A lardin Gabashin Kef, samarin ƙabilar Kosa kan shiga daji a yi musu kaciyar shiga sahun manya, kuma shekara da shekaru ana fitar da gawarwaki, mafi yawa saboda ruɓewar rauni, da ɗaurin da ya matse ya hana jini gudu, da ƙishirwa, don ana hana su ruwa a kwanakin farko. Lardin ya yi doka a 2001, ƙasar ta yi ta bai ɗaya a 2021, mai buƙatar rajistar masu yankan da takardar likita kafin a shiga. Har yau ana mutuwa, musamman a sansanonin da ke ɓoye wa hukuma. Doka in ta kori masu sana'a zuwa bayan fage, ta ƙara ɓarna ke nan. Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi: yaranmu a gida suke jinya, a gaban iyaye, wanzaminmu kuma sananne ne, yana da Sarkin Aska a samansa, Sarkin Aska yana da hakimi da sarki a samansa.

Laifi tudu ne, don haka bari mu fara da namu. Wani bincike da aka buga a 2006 daga Ibadan ya duba jarirai 322 da aka yi wa kaciya, ya samu matsala a jikin 65, wato ɗaya cikin biyar. Masu kaciyar gargajiya kashi 9 cikin 100 kacal suka yi wa, sauran duk aikin likitoci ne da nas-nas. A Bungoma ta Kenya, binciken 2008 ya samu matsala a kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka yi wa a gargajiyance, da kusan kashi 18 na waɗanda aka yi wa a asibiti. Farar riga ba ta koya wa mutum kaciya. Da yawa daga cikin ma'aikatan lafiya kallo sau biyu ko uku suka yi, sai suka sayi almakashi. An ce wanzami ba ya son jarfa, to mu ma ba mu son a bincike mu, amma duk ƙa'idar da za a gindaya wa mai zabira a gindaya wa mai sirinji.

Yawancin bala'in da ake gani, tun kafin a zaro aska ake iya kauce masa, da duba na minti biyar. A fara da kallon gaban yaron a cikin haske. Ƙofar fitsari a tsakiyar kan take, ko ta sauko ƙasa? Loɓar ta zagaye kan gaba ɗaya, ko ta rufe sama kawai kamar hula ta bar ƙasa a buɗe? Gaban a miƙe yake ko ya lanƙwasa ƙasa? Kusan yaro 1 cikin 200 zuwa 300 ake haifa da ƙofar fitsari a ƙasa, irin wanda mutane kan ce an haife shi da rabin kaciyarsa. Wannan ba a taɓa shi, domin da fatar loɓar likita zai yi amfani wajen gyara masa hanyar fitsari. Wanda ya yanke ta ya jefar da ƙyallen da za a yi faci da shi. Haka yaro mai ƙiba da gabansa ya nutse cikin kitsen mara, da mai gwaiwa ko kumburin maraina, da mai ƙuraje ko ruwa a wurin, da mai zazzaɓi, da jaririn da idonsa ya yi rawaya, da bakwaini ko wanda bai kai kilo 2.5 ba. Duk a tura su asibiti ko a ɗaga musu.

Sai tambayar jini, kuma uwa ake yi wa ita, ba uba ba. Ciwon rashin tsayawar jini da ake kira himofiliya ta wajen uwa yake bi ya bayyana a 'ya'ya maza, wajen namiji 1 cikin 5,000 zuwa 10,000. A tambaye ta: a cikin 'yan'uwanki maza, ko 'ya'yan 'yan'uwanki mata, ko yayyen yaron nan, akwai wanda jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya ko cire haƙori ko cire beli? Cibiyar yaron ta daɗe tana jini? Yana yawan haɓo, ko gwiwarsa kan kumbura daga ƙaramar faɗuwa? In an ce e ko da sau ɗaya, aska ta koma kube sai an yi gwaji. Wannan ilimi tsoho ne. Malaman Yahudawa sun rubuta a littafinsu na Talmud cewa matar da 'ya'yanta biyu suka mutu sanadin kaciya, ba a yi wa na uku. Likitan Andalus Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni. Jariri kuma yana da tasa matsalar daban. Ana haihuwarsa da ƙarancin bitamin K, wanda jini ke buƙata don ya daskare, shi ya sa ake yi masa allurar miligiram 1 a cinya ranar haihuwa. Wanda aka haifa a gida, kuma su ne da yawa a wajenmu, bai samu ba. A yi masa kafin kaciya.

Yawan jinin ma mutane ba sa kimanta shi daidai. Jikin jariri yana ɗauke da wajen mililita 80 a kowane kilo, ke nan mai kilo 3 duk jininsa bai wuce mililita 250 ba, bai cika kwalbar lemo ba. Cokalin cin abinci biyu, mililita 30, sun haura kashi 10 cikin 100 na jininsa. Kunzugun zamani kuma yana shanye jini ya ɓoye shi, uwa ta duba ta ga ɗan ja kaɗan alhali ya jiƙe ta ciki. Jaririn da ya yi fari fat, ya daina kama nono, hannu da ƙafa suka yi sanyi, ba barci yake ba.

Sikila ta cancanci a tsaya a kanta, don Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta haihuwar yara wajen 150,000 da ita duk shekara. Abubuwan da ke tayar da ciwon su ne sanyi da ƙishirwa da zafin ciwo da shigar ƙwayar cuta, kuma kaciyar ɗari ta haɗa huɗun: an tuɓe yaro da asuba cikin iska, ya sha azaba, ga buɗaɗɗen rauni, daga baya yana ƙin shan ruwa don tsoron zafin fitsari. Mai sikila a asibiti za a yi masa, bayan an auna jininsa, a ɗaki mai ɗumi, ana ɗura masa ruwa. Kuma ko lafiyayyen yaro ne, duk mai jinyar da ke rage masa ruwa don kada ya yi fitsari ya daina. Yana cikin abin da ke kashe samarin Kosa.

Tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora ya sandarar da wuya da baya, ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta nuna. Saboda wannan tazarar, sau da yawa iyaye ba sa danganta shi da kaciyar, sai a ce iska ce. Allurar da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da rigakafinsa, amma ƙarfinta na raguwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara a shekara ta biyu, da tsakanin 4 zuwa 7, da tsakanin 9 zuwa 15. Mata kan samu ƙari a wajen awon ciki. Ɗa namiji kuwa daga ta jarirai shi ke nan, in ma ya samu ta jariran. To a daidai shekarun da kariyarsa ta yi rauni ne muke zaunar da shi a kan rami a tsakar gida mu buɗe masa rauni a kusa da turɓaya.

Ranku ya daɗe, maganar aska ɗaya ga yara goma ita ce ta fi damunmu a ɓangarenku. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ƙwayarsa takan rayu a busasshen jini kwana 7 ko fiye, ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma ƙaramin yaro in ya kamu ya fi babba yiwuwar zama da ita har ta zame masa ciwon dajin hanta yana ɗan shekara talatin da wani abu. A layin yara goma, na farko ne kaɗai ya samu aska mai tsabta. Goge ta da tsumma ko tsoma ta a sifirit ko wasa ta a fata ba ya wadatarwa. Mafita mai arha ita ce wuƙar tiyata ta yarwa, sabuwa a takardarta, a ɓare a gaban uban yaro, a jefa a kwalin allurai in an gama, safar hannu ma sabuwa ga kowane yaro. Almakashi da hantsaki da ba a yarwa, a wanke su da sabulu da burushi har cikin mahaɗarsu, sannan a dafa a tukunyar tururi mai matsi a zafin digiri 121, minti 20 in a buɗe suke, minti 30 in an naɗe su. Tafasawa a ruwa na minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara zaɓaɓɓaka, tana kashe ƙwayar hanta da ta ƙanjamau, amma ba a dogara da ita a kan ƙwayar tetanus. Mun san aska gadon gida ce kuma tana da martaba. A bar ta a zabira don aski da shaida, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jarumta ba ta buƙatar azaba, kuma yaron da ke fizge-fizge shi ne wuƙa ke zamewa a kansa. Allurar kashe zafi ta lidoken ita ce ginshiƙi, amma tana kisa in an wuce kima. Iyakarta miligiram 3 a kowane kilo. Mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 tana da miligiram 10 a mililita, mai kashi 2 tana da 20. Jariri mai kilo 3 kada ya wuce mililita 0.9 na mai kashi 1. Ɗan shekara 7 mai kilo 20 iyakarsa mililita 6 na mai kashi 1, ko 3 na mai kashi 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuƙi mai kashi 2 da ma'aunin mai kashi 1, yaro ya kama jijjiga a kan benci. A auna yaro a sikeli, a karanta jikin kwalba, kuma wadda aka haɗa da adirenalin ba ta zuwa wannan wuri, don tana tsuke jijiyoyin jini. Ana sa ta a gindin gaban, saitin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 na agogo, a ja sirinji baya tukuna a tabbatar ba a cikin jijiya ake ba, a jira minti 5, a ɗan matsa loɓar da hantsaki a ga ko ya ji. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne, shi ya sa muke son a haɗa shi da wanzami a zama ɗaya.

A yankan kansa, wurare uku ne ake ɓarna. Na farko, a ƙaramin yaro fatar ciki a manne take da kan gaban. In aka ja loɓar gaba aka datse ba tare da an raba wannan mannewar ba, kan yana biyo fatar, wuƙa ta tafi da wani yanki nasa. Dole a buɗe, a raba a hankali har a ga kan duka da wuyansa, a share farin maiƙon da ke wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana salon ja-ka-datse a bayan hantsaki ga yaran da ba su balaga ba saboda irin wannan rauni. Na biyu, awo. A zana layi da alƙalami a saitin wuyan kan tun fatar tana kwance, kafin a ja. Wanda ya ja da ƙarfi ya yanka da ido yakan kwashe har fatar jikin gaban, wanda ya ji tsoro kuma ya bar saura, tabo ya tsuke ya rufe kan, a sake sabon aiki. Na uku, ƙasan kan, inda ɗan siririn tantanin nan yake. Jijiyar da ta fi zubar da jini a nan take, kuma bututun fitsari yana kwance dab a ƙarƙashinta. Mai ɗinki in ya firgita da jini ya zurma allura da zurfi, ya kama bututun, bayan mako ɗaya ko biyu sai a ga fitsari na fita ta huda biyu. Gyaran wannan sai an jira wata 6, wani lokaci kuma sai an shiga tiyata fiye da sau ɗaya. Jini in ya taso, a danne da gos, wato ƙyallen ɗaure ciwo, mai tsabta minti 5 cur da agogo, ba a ɗagawa ana leƙe. Na'urar ƙona jijiya ta lantarki irin mai faranti, musamman in ta taɓa ƙarfen da ke maƙale da gaban, tana iya ƙone shi gaba ɗaya.

Kaciyar zobe ta Plastibell, wadda ake sa zoben roba a cikin loɓa a ɗaure fatar a kansa da zare, ta yaɗu a birane, kuma tana da kyau ga jariri a cikin wata 2 na farko: babu ɗinki, warkewa da wuri. Girman zoben daga santimita 1.1 ne zuwa 1.7, kuma wanda ke da girma ɗaya tak a aljihu bai shirya ba. In ya yi yawa, kan gaban yakan zarce ta cikinsa, zoben ya koma baya ya shaƙe, wurin ya kumbura ya yi baƙi. In zaren bai ɗauru tamau a cikin kwarmin zoben ba, jini. Yakan faɗi da kansa tsakanin kwana 5 zuwa 8. Ba a jan sa ko yana lilo, in ya kai kwana 10 a koma a cire. Matsalolinsa suna ƙaruwa da girman yaro, don fatar ta yi kauri.

A wajen jinya, akwai abin da gargajiya ta yi daidai: riga mai faɗi ba wando, karan da ake sawa tsakanin gwiwoyi don kada yaro ya fama cikin barci, da kaji da ƙwai da romo da ake ba 'yan shayi. A riƙe su. Bagaruwa tana da sinadarin da ke tsuke nama ya busar da rauni, ba ƙarya magabata suka yi ba, sai dai daga ƙasa ake tsince ta inda awaki ke kiwo, a daka a turmin gida. Ita da toka da garin kafso da Dettol tsagwaronsa, a nisanta su da sabon rauni. Basilin mai tsabta a kowane canjin kunzugu ya ishi jariri, babba kuma a cire bandejinsa bayan kwana 1 zuwa 2, a riƙa wankewa da tafasasshen ruwa da ya huce da ɗan gishiri. Farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, duk awa 6. Asfirin ba ya cikin lissafi, yana ƙara jini. Ɗan rawaya-rawayan da ke lulluɓe kan a kwanakin farko warkewa ce, ba ruwa ba ne, kada a kankare. Abin da ke sa a tashi ko tsakar dare ne: jinin da dannawa ba ta tsayar ba, awa 8 ba fitsari, kan ya yi baƙi ko shuɗi, wari da kumburin da ke hawa mara, zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa. In ƙaddara ta sa an yanke wani ɓangare na kan, kada a binne shi da loɓar. A naɗe a gos mai ɗanshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a nufi asibitin koyarwa kai tsaye. A cikin awanni na farko ana iya mayar da shi ya kama.

Masu girma kwamishinoni, abin da muke nema bai fi ƙarfin kasafinku ba. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar masu kaciya, wanzami da nas da malamin asibiti a littafi ɗaya, Sarkin Aska ya tantance nasa, ma'aikata su nuna yara nawa suka yi wa a gaban ƙwararre kafin a sa sunansu. A yi musu horo da Hausa, da hotunan abubuwan da ba a taɓawa. A raba ƙunshin kaya na yaro ɗaya ɗaya, wuƙa da safar hannu da gos da basilin, a kan farashin sari. A asibitin sha-ka-tafi na kowace gunduma a ware ranakun kaciya, ma'aikaci ya duba yaro ya yi allura, wanzamin da iyaye suka amince da shi ya yi aikinsa a kan gado mai tsabta. A Sakkwato an taɓa yin aiki da wanzamai suna tura jarirai rigakafi, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce. Kaciyar gayya da 'yan siyasa da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi kuma a sa mata sharaɗi. Aiki mai kyau yana cin minti 20 zuwa 30, mutum ɗaya a yini ba zai wuce yara 20 ba. Wanda ya yi shelar yara 500 a rana ɗaya a tambaye shi hannu nawa ya tanada, kaya saiti nawa, da wa zai duba yaran bayan kwana biyu.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi. Wanzamin da ya kawo yaro yana jini, a karɓe shi da mutunci. Muddin abin da ke jiransa a ƙofar asibiti zagi ne da barazanar 'yan sanda, zai ci gaba da ɗaure-ɗaure a gida har yaro ya galabaice. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi ba da taimakon gaggawa, a tuna wa masu karɓar kuɗin kati. Kowane mai rajista ya riƙe lambar wayar wanda zai kira a babban asibiti mafi kusa, kuma kowace matsala a rubuta ta a fom ba don hukunci ba, don a san salon da ke ɓarna da wanda yake buƙatar ƙarin horo.

Lissafin kwanakin shi ne wannan. Yaron da ya kammala allurar jarirai, ƙari ɗaya na tetanus mako 2 kafin kaciya ya ishe shi. Wanda babu katinsa ko ba a taɓa yi masa ba yana buƙatar biyu, mako 4 tsakaninsu, ta biyun ta riga kaciyar da mako 2, jimla mako 6. In za a fara yanka a tsakiyar Disamba, allurar farko sai ta shiga a farkon Nuwamba, ke nan sanarwa a rediyo da masallatan Juma'a da coci-coci da makarantun allo ta fita a cikin Oktoba, zaman kwamishina da Sarkin Aska kuma ya riga ta.

Wassalam.

Daga wasu likitocin tiyatar yara da mafitsara da ma'aikatan jinya a Arewacin Najeriya.